Launin Tsire da Jinin Mai Ciwon Suga: Tarihin Wata Tambaya Mai Shekara Ɗari

A watan Janairun 1922, a babban asibitin birnin Toronto na ƙasar Kanada, aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson allurar insulin. Shi ne ɗan Adam na farko da aka gwada ta a jikinsa. Kafin wannan lokaci, yaron da ciwon suga ya kama da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu, kuma iyakar dabarar likita ita ce ya ƙuntata masa abinci, har a ga wanda zai riga kai shi kushewa tsakanin ciwon da yunwar. Leonard ya tashi daga gadon asibiti, jikinsa ya murmure, ya ƙara shekara 13 a duniya. Labari ya bazu, aka ba Frederick Banting da John Macleod lambar yabo ta Nobel a 1923, jama'a suka ɗauka an gama da ciwon suga.

Murnar ba ta cika shekara ashirin ba. Waɗanda insulin ya ceta sun girma, sun kama sana'a, sun yi iyali, sai kuma ga su suna komowa asibiti da larurorin da ba a saba gani ba, domin a da babu mai daɗewa har ya kai gare su. Ido ya fara dushewa. Ƙoda ta fara zubar da furotin a cikin fitsari, daga baya ta gaza. Ƙafa ta daina jin taɓi, ƙaya ta soki mutum bai sani ba, ƙaramin rauni ya zama gyambon da ya ƙi warkewa. A 1936 wasu likitoci biyu a Boston, Paul Kimmelstiel da Clifford Wilson, suka bayyana wasu ƙulle-ƙulle da suka gani a matatar ƙodar masu ciwon suga da suka rasu, waɗanda har yau da sunansu ake kiran su.

Tambayar da ta taso ita ce: shin yawan suga a jini ne ke jawo wannan ɓarna, ko kuwa wani abu ne dabam da ciwon ke tafe da shi? A yau tambayar tana iya zama kamar ta wasa, amma ta raba kan likitoci kusan shekara hamsin. Elliott Joslin na Boston ya kafe a kan cewa dole maras lafiya ya auna abincinsa, ya riƙe sugansa kusa da na mai lafiya gwargwadon iko. Edward Tolstoi na New York kuwa ya ce wannan azabtar da mutane ne kawai: a ba su insulin daidai yadda za su ji daɗin jikinsu, su ci abin da suke so. A 1968 Marvin Siperstein ya ƙara wa wannan ɓangare ƙarfi, da ya ce kaurin da bangon ƙananan jijiyoyin jini ke yi gado ne, yana iya somawa tun kafin suga ya hau.

Abin da ya hana a raba gardamar shi ne rashin ma'auni. Gwajin fitsari da gwajin jini na lokacin suna nuna halin da mutum yake ciki ne a sa'ar da aka gwada shi kawai. Maras lafiyar da ya san gobe zai ga likita yana iya kame bakinsa yau, ya je da sakamako mai kyau, ya koma gida ya ci gaba da abin da ya saba. Babu wanda zai iya cewa ga yawan sugan da jikin wane ya sha a wata ukun da suka wuce. Muddin kuwa ba a iya auna wannan ba, kowane ɓangare ra'ayinsa yake faɗa.

Bakin zaren amsar yana kwance a wata gajeriyar takarda da aka buga a Faris shekara goma kafin insulin, wadda likitoci ba su waiwaye ta ba.

Kwalbar Maillard

Louis-Camille Maillard likita ne kuma masanin sinadarai, an haife shi a 1878 a garin Pont-à-Mousson na gabashin Faransa. Ba abinci yake bincike ba, ba kuma ciwon suga ba. So yake ya gano yadda ƙananan tubalan da ake kira amino asid ke sarƙuwa da juna su zama furotin, ta hanya mai sauƙi irin wadda jiki zai iya bi. A cikin gwaje-gwajensa ya haɗa amino asid da gulukos a ruwa ya ɗumama. Ruwan ya yi rawaya, ya koma ruwan ƙasa, ya yi duhu, yana fitar da iskar kabon. Da ya rage zafi sai ya ga abin bai tsaya ba, jinkiri kawai ya yi: ko a ma'aunin zafi 37, wato ɗumin jikin mutum, launin yana zuwa idan an ba shi kwanaki. A 1912 ya kai rahoto ga Cibiyar Kimiyya ta Faransa, kuma a cikin fannonin da ya yi hasashen abin zai shafa har da ciwon suga.

Hasashen bai sami mai ɗauka ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, Maillard ya shiga aikin lafiya na soja, bayan yaƙi kuma a 1919 ya koma koyarwa a birnin Aljiyas na Aljeriya, inda kusan ya bar bincike gaba ɗaya. Ya rasu a Faris a 1936, shekarar da Kimmelstiel da Wilson suka buga bayaninsu kan ƙoda, ba tare da wani ya haɗa zancen biyu ba.

Masu sarrafa abinci ne suka gaji aikinsa. Abin da ya gani a kwalba shi ne abin da ke faruwa a gaban kowane mai tsire: suga da furotin da ke cikin nama suna haɗuwa a bakin wuta, su ba da launin nan da ƙanshin da ke tsayar da mai wucewa. Shi ne jan bayan burodi, da na ƙosai, da na soyayyar gyaɗa. A Yaƙin Duniya na Biyu kuwa abin ya zame wa sojan Amurka matsala, domin garin ƙwai da garin madara da busasshen dankalin da ake aika musu suna yin duhu su ɓaci a ajiya, musamman a ƙasashe masu zafi. Aka zuba kuɗi a binciken yadda za a hana. A 1953 John Hodge, wani baƙar fata masanin sinadarai da ke aiki a cibiyar binciken ma'aikatar gona ta Amurka a Peoria, ya tattara abin da aka sani ya tsara shi mataki-mataki, kuma tsarinsa ne ake koyarwa har yanzu.

Matakan uku ne. Da farko suga yana ɗan rataya a jikin furotin, riƙon da bai yi ƙarfi ba, wanda ke iya kwancewa cikin sa'o'i idan suga ya ragu. Idan bai kwance ba, cikin kwanaki sai haɗin ya sake siffa ya zauna daram. Wannan mataki ana danganta shi ga Mario Amadori, wani masani ɗan Italiya. Daga nan, cikin watanni da shekaru, haɗin yana rikiɗa ya zama tarin sinadarai masu launin ƙasa, waɗansunsu masu hannu biyu, suna kama wannan furotin su kama wancan su ɗaure su wuri guda. Wannan mataki na ƙarshe ba ya komawa baya. Abu biyu ne ke iko da tafiyar: yawan sugan da kuma daɗewar furotin a cikinsa, kamar yadda turmin zane a marina yake yin shuɗi gwargwadon ƙarfin baba da yawan tsomawa.

Akwai bambanci tsakanin wannan da aikin jiki na yau da kullum. Jiki da kansa yana maƙala suga a wasu furotin da gangan, a wuraren da ya zaɓa, ta hannun ma'aikatansa da ake kira inzayim. Liƙewar da ake magana a kanta, wadda masana ke kira gilaikeshan, ba ta da mai ba da umarni. Karo ne kawai tsakanin suga da furotin. Abin lura ma shi ne gulukos ya fi sauran danginsa rashin son wannan karo, domin kusan kullum a naɗe yake kamar zobe, kuma ƙasa da ƙwaya ɗaya cikin dubu goma ce ke buɗe a kowane lokaci. Franklin Bunn na Harvard ya kawo ra'ayi a 1981 cewa wataƙila wannan lafiyar hali ce ta sa gulukos ya zama makamashin jiki. Amma ko mai lafiyar hali, idan ya yi yawa kuma ya daɗe, yana barin tabo.

Layin da bai kamata ya fito ba

Wanda ya fara ganin tabon a jikin masu ciwon suga shi ma ba shi yake nema ba. Samuel Rahbar Bayahuden Iran ne, haifaffen Hamadan a 1929, ya yi karatun likita a Jami'ar Tehran. Sha'awarsa tana kan himogulobin, furotin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jajayen ƙwayoyin jini, musamman ire-irensa da ake gada. Ya sami horo a Kambirij wajen Hermann Lehmann, wanda ya yi aiki kan jinin sikila a Yuganda kafin ya zama uban masu farautar baƙin nau'o'in himogulobin. Dabarar da suke amfani da ita sananniya ce ga duk wanda ya taɓa yin gwajin jini kafin aure: a ɗiga jini a kan wani faifai mai danshi, a sakar masa lantarki, kowane nau'i ya yi tafiya da saurinsa ya tsaya a layinsa. Ta haka ake raba A da S da C.

Rahbar ya koma Tehran ya shiga tace jinin marasa lafiya a asibitocin jami'a. Cikin mutum 1,200 ya sami biyu da wani layi ya fito musu a gaban layin A, mai saurin tafiya, wanda bai yi kama da kowane nau'in gado da ya sani ba. Da ya duba takardunsu sai ya ga su biyun masu ciwon suga ne. Wani mai binciken zai iya ɗaukar wannan a matsayin dace ya wuce. Shi kuwa ya nemo wasu masu ciwon suga 47, ciki har da yara 11, ya tarar da layin a jininsu. Ya buga rahoton a 1968 a mujallar Clinica Chimica Acta, shafi uku kacal.

A shekarar ya tafi Kwalejin Likitanci ta Albert Einstein a New York, wajen Helen Ranney, ƙwararriya a kan sikila. A can suka gano cewa layin ba baƙo ba ne. Tun 1958 masu bincike a Kalifoniya sun ware wasu ƙananan kasonni na himogulobin a jinin masu lafiya, suka raɗa musu A1a da A1b da A1c, ba tare da sanin amfaninsu ba. Layin Rahbar shi ne A1c, sai dai a jinin mai ciwon suga ya ninka kusan sau biyu.

Saura tambayar da ta fi nauyi: gado ne ko sakamako? Idan da gado ne, da Siperstein ya sami wata hujja. Tagwaye ne suka raba gardamar. A 1975 Robert Tattersall da David Pyke na Landan, tare da Ranney, suka auna jinin tagwaye 'yan ƙwai ɗaya. Inda ɗaya yake da ciwon ɗayan ba shi da shi, mai ciwon ne kaɗai A1c ɗinsa ya hau, alhali kuwa gadonsu ɗaya ne. A shekarar kuma Bunn da abokan aikinsa suka nuna ainihin abin da A1c yake: himogulobin ne da gulukos ya liƙe masa a baki, ya zauna irin zaman da Amadori ya bayyana. Ashe mataki na biyu na tsarin Hodge yana gudana a jinin kowa.

A 1976 Ronald Koenig da Charles Peterson da Anthony Cerami na Jami'ar Rockefeller suka kwantar da masu ciwon suga biyar a asibiti, suka sauko da sugansu, suka ga A1c ya bi shi ƙasa bayan makonni. Dalilin a fili yake. Jar ƙwayar jini tana rayuwa kimanin kwana 120, gulukos yana shiga cikinta ba tare da neman izinin insulin ba, kuma wanda ya liƙe ya liƙe ke nan har ƙwayar ta mutu. Kason himogulobin da suga ya kama ya zama rijistar wata biyu zuwa uku, wadda kame bakin kwana ɗaya ba ya gogewa. Ma'aunin da Joslin da Tolstoi suka rasa ya samu. Abin da ba a cika faɗa wa marasa lafiya ba shi ne, gwajin HbA1c ba hasashen ɓarna yake yi daga nesa ba. Samfurin ɓarnar ne da kanta, an ɗebo shi daga furotin da ya fi sauƙin kaiwa gare shi.

Furotin da ba a sauyawa

Cerami ne ya yi tambayar da ta biyo baya. Himogulobin yana da sa'a, domin bayan wata huɗu ana rushe shi a ƙera sabo, bai daɗe har ya kai mataki na uku ba. To, furotin da ke zaune shekara da shekaru fa? Kolajin, wanda shi ne igiyar da ke riƙe fata da jijiya da bangon hanyoyin jini, sai an yi kusan shekara 15 kafin a sauya rabinsa a fata. Furotin da ke tsakiyar madubin ido kuwa wanda aka haifi mutum da shi ne zai mutu da shi. A 1978 ɗakin binciken Cerami ya nuna cewa suga yana sa furotin madubin ido ya dunƙule ya yi hazo, irin hazon yanar ido. A 1981 Vincent Monnier da Cerami suka buga a mujallar Science cewa launin ƙasar da madubin idon tsofaffi ke yi dangi ne da launin da abinci ke yi a ajiya. Aka raɗa wa sinadaran mataki na uku taƙaitaccen suna AGE.

Daga nan bayanin larurorin ya fara haɗuwa. Kolajin da aka ɗaɗɗaure yana rasa taushi, shi ya sa manyan hanyoyin jini ke ƙandarewa da wuri, hawan jini ya samu gindin zama. Akwai masu daɗaɗɗen ciwon suga da ba sa iya haɗa tafukan hannunsu su manne sarai, saboda fata da jijiyoyin yatsu sun yi tauri. A ƙoda da bayan ido, siririn bangon ƙananan hanyoyin jini yana yin kauri, amma kaurin banza ne, domin saƙar ta hargitse: yana ƙara kauri yana ƙara yoyo. Furotin ya tsallake zuwa fitsari, ruwa da jini su tsatso a inda ido ke karɓar haske. A 1986 Monnier ya auna fatar masu ciwon suga ya ga cewa waɗanda kolajinsu ya fi tara waɗannan sinadarai su ne suka fi fama da larurar ido da taurin jijiya da na gaɓɓai.

A 1992 Ann Marie Schmidt da David Stern na Jami'ar Columbia suka gano cewa ƙwayoyin jiki suna da wata ƙofa da ke gane AGE, aka kira ta RAGE. Idan AGE ya taɓa ta, ƙwayar tana ɗaukar abin a matsayin hari, ta kunna kumburi, kumburin kuma ya sa ta ƙara yawan ƙofofin. An kuma gane cewa mafi saurin ɓarna ba daga gulukos kansa take ba, daga wani ɗan gutsurensa ne mai suna metilgilayoksal, wanda ke fita yayin da ƙwaya ke ƙona suga, kuma ya fi gulukos saurin liƙewa sau dubbai. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa ido da ƙoda da jijiyoyin ji suka fi shan wahala: ƙwayoyinsu ba su iya rufe ƙofa idan suga ya yi ambaliya a jini, abin da ke waje shi ke ciki.

Duk wannan hujjar ɗakin gwaji ce. Hukuncin asibiti ya zo ne daga wani babban gwaji da aka fi sani da DCCT, wanda aka soma a 1983 a cibiyoyi 29 na Amurka da Kanada. An ɗauki masu nau'in ciwon suga na ɗaya su 1,441 aka raba su biyu. Rukuni ɗaya ya ci gaba da allura ɗaya ko biyu a rana yadda aka saba. Ɗaya rukunin aka tsananta masa: allura uku ko fiye, ko famfon insulin, da auna jini sau huɗu a rana. HbA1c na rukunin farko ya tsaya wajen kashi 9 cikin 100, na biyun wajen kashi 7. A 1993 aka dakatar da gwajin kafin wa'adinsa domin bambancin ya yi yawan da ba za a ci gaba da ɓoye shi ba. Haɗarin fara larurar ido ya ragu da kashi 76 cikin 100, na jijiyoyin ji da kashi 60, zubar furotin mai yawa a fitsari da kashi 54. Nasarar tana da farashi, domin mummunar faɗuwar suga ta ninka kusan sau uku a rukunin da aka tsananta wa, abin da ke nuna tsoron Tolstoi ba na banza ba ne. Amma a asalin gardamar Joslin ne ya yi gaskiya, shekara 31 bayan rasuwarsa. A 1998 gwajin UKPDS na Birtaniya ya nuna irin wannan a masu nau'i na biyu, wanda shi ne ya fi yawa a duniya.

Abin da ya fi ba masana mamaki ya zo ne bayan an tashi daga gwajin. An koya wa rukunin farko tsarin tsanantawa, rukuni na biyu kuma ya ɗan sassauta, cikin 'yan shekaru HbA1c ɗinsu duka ya haɗu wajen kashi 8. Hankali zai ce daga nan makomarsu ɗaya ce. Ba haka aka gani ba. Shekaru suna tafiya, waɗanda aka riƙe sugansu tun farko suna ci gaba da tsira daga larurar ido da ƙoda fiye da takwarorinsu, kuma rahoton 2005 ya nuna cututtukan zuciya da hanyoyin jini sun ragu musu da kashi 42 cikin 100. Masu binciken suka ce jiki yana da tunin sugan da ya sha. Sama da mutum 200 daga cikin mahalartan an yanki ɗan ƙaramin yanki na fatarsu gab da ƙarshen gwajin. Da aka waiwaya bayan shekara goma, yawan liƙewar suga a kolajin wannan fata ya yi hasashen waɗanda idonsu da ƙodarsu za su taɓarɓare. Liƙewar ba ita kaɗai ce ke bayyana wannan tuni ba, akwai kuma sauye-sauyen da suga ke bari a kan yadda ƙwayoyin gado ke aiki, amma tana cikin manyan dalilai. Ma'anarsa ga maras lafiya mai nauyi ce: shekarun farko, lokacin da babu abin da ke yi masa ciwo kuma ya fi sauƙin yin sakaci, su ne suka fi tsada.

Inda ma'aunin ke tuntuɓe

A 2010 ƙungiyar masu kula da ciwon suga ta Amurka ta amince a yi amfani da HbA1c wajen gano ciwon, ba bibiyarsa kawai ba, a 2011 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu, da iyakar kashi 6.5 cikin 100. Sai dai lissafin gaba ɗaya ya ginu ne a kan zaton cewa jar ƙwayar jini za ta cika kwana 120, kuma himogulobin da ke cikinta nau'in A ne. A Afirka ta Yamma wannan zato ba ya tsayawa ga kowa. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da S, nau'in C kuma ya yi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso. Mai SS ƙwayoyin jininsa ba sa wuce kwana 10 zuwa 20, don haka suna mutuwa kafin suga ya gama rubutu a kansu, gwajin ba shi da amfani a gare shi. Ga mai AS ko AC, sahihancin sakamakon ya danganta da irin na'urar da ɗakin gwajin yake amfani da ita, tambayar da marasa lafiya ƙalilan ne suka san za su iya yi. Duk abin da ke fasa jajayen ƙwayoyi da wuri, kamar zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko ƙarancin sinadarin G6PD da ake gada, yana saukar da lambar a ƙarya, haka ma ƙarin jini. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini kuwa yana ɗaga ta. A irin waɗannan halaye likita yana komawa ga gwajin suga kai tsaye, ko ga gwajin furuktosamin, wanda ke auna liƙewar suga a furotin ruwan jini na mako biyu zuwa uku. Nau'o'in himogulobin da Rahbar ya fita nema tun farko su ne suka zama raunin gwajin da ya tsinta a hanya.

Aunawa dai ta yi nasara, ko da tana da tabonta. Gyara ne ya gagara. A 1986 Michael Brownlee da Helen Vlassara da Cerami suka nuna cewa wani sinadari mai suna aminoguwanidin yana hana kolajin ɗaurewa a jijiyoyin ɓeraye masu ciwon suga. Fata ya yi yawa: ƙwayar da za ta tsare ƙoda da ido ko da suga bai sauka ba. Kamfanin Alteon ya kai shi gwaji a kan mutum 690 masu larurar ƙoda. Sakamakon bai kai matsayin da za a ce maganin ya yi aiki ba, gwaji na biyu kuma aka tsayar da shi saboda illoli. Wani maganin, alajebiriyam, da aka ce yana tsinka ɗaurin da ya riga ya ƙullu, ya tsaya a hanya da kuɗin kamfanin suka ƙare. Piridoksamin, wani nau'in bitamin B6, shi ma bai cika alkawari ba a gwajin ƙoda. Wataƙila an makara ne wajen ba da su, domin an gwada su a kan waɗanda ƙodarsu ta riga ta lalace. Wataƙila kuma laifin na ɗora duk ɓarnar a kan hanya ɗaya ne. Brownlee da kansa ya rubuta a 2001 cewa hanyoyi huɗu ne suga ke bi ya yi ɓarna, liƙewa ɗaya ce daga cikinsu. Ko ma mene ne, wannan tarihi ya isa ya sa mutum ya yi taka-tsantsan da kwalaben da ake tallatawa da sunan wanke suga daga jijiya. Haka batun AGE da ke cikin gasasshen abinci: wani kaso yana shiga jini, ana kuma ci gaba da muhawara kan girman tasirinsa, amma hujjar da ta tabbata a asibiti tana kan sugan da ke yawo a jini ne dare da rana.

Rahbar ya bar Iran a 1979, ya zauna a cibiyar City of Hope da ke Kalifoniya. A can ya ƙare sauran shekarunsa yana haɗa sinadaran hana liƙewar suga ɗaya bayan ɗaya, yana gwada su a kan ɓeraye. Waɗansu sun kare ƙodar ɓerayen, babu wanda ya kai ga kantin magani. A 2012 ƙungiyar masu kula da ciwon suga ta Amurka ta karrama shi saboda gano HbA1c. Ya rasu a watan Nuwamban shekarar, shekara ɗari cif bayan takardar Maillard.